Babi na Tara: Abin da Zai Kai Mutumin Batsari Bankok

Da wuya a sami wanda ya girma a Batsari ko Safana cikin shekaru talatin da suka wuce bai ci shinkafar ƙasar Tailan ba, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ce 'yar gwamnatin da ake dafawa ranar Sallah da ranar suna, ita ake jerawa cikin kayan gara, doguwa, marar tsakuwa, wadda uwargida ba ta ɓata hantsi wajen tsince ta. Hanyar da take biyowa kuwa ba kusa ba ce. Daga gonakin da ke gefen kogin Chao Phraya za a kai ta masana'anta a turara ta, a busar, a cashe, a ɗura a buhu, a loda wa jirgin ruwa, ta yi makonni a teku kafin ta sauka Kwatano. Daga can manyan motoci su hauro da ita arewa ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni har Maraɗi, sannan ta gangaro ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, wata rana ta ƙofa, wata rana ta ɓarauniyar hanya a bayan babur. A 2014 Tailan ta sayar wa Nijeriya shinkafa sama da tan miliyan 1 kai tsaye. Da gwamnatin Buhari ta tsananta, sai adadin ya faɗo ƙasa da tan dubu 60 a 2016. Amma a 2017 Jamhuriyar Benin, ƙasar da mutanenta ba su damu da cin turararriyar shinkafa ba, ta sayi kimanin tan miliyan 1.8. Mutanen kan iyaka ba sa buƙatar a gaya musu inda ta tafi. Dalilin da ya sa ke nan aka rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019, kuma mutanen Jibiya da Batsari sun san yadda abin ya taɓa tukunyarsu.

Ga ƙasar da muka daɗe muna cika wa aljihu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tunanin zuwa su ga yadda take. Alhazanmu sun san Makka da Madina, 'yan kasuwarmu sun san Dubai da Gwanzu, marasa lafiyarmu masu hali sun san Alƙahira da Indiya. Akwai 'yan Kwari da suka san Bankok, babban birnin Tailan, tun da daɗewa, suna sauka a kasuwar Pratunam ko Bobae su sari riguna da takalma da jakunkunan mata su dawo. Wannan fatauci ne mai kyau, Allah ya ƙara masa albarka. Tafiyar da nake kira a yi daban ce: tafiyar manomi da dillalin amfanin gona da malamin gona, waɗanda za su je da idon sana'arsu. Babban abin da zai kai su kuwa rogo ne.

A jihar Katsina in aka ce rogo, Batsari ce ke fara zuwa bakin mutane, tare da dankalinta. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, tana fitar da kimanin tan miliyan 60 a shekara. Tailan tana samun kusan rabin haka. Amma idan aka zo maganar sayar wa duniya garin sitacin rogo da busasshen rogo, Tailan ce ta ɗaya, mu kuwa sai an duba can ƙasan jeri kafin a ga sunanmu. Abin da zai ƙara ba ka mamaki, mutumin Tailan ba ya cin rogo yadda muke ci. Ba shi da rogo da ƙuli, ba shi da kwaki, ba shi da tuwon alabo. Shinkafa ce abincinsa safe da dare. Rogo a wurinsa kuɗi ne da ake shukawa.

Yadda suka kai nan ya cancanci a tsaya a kai. Yankin arewa maso gabashin ƙasar, wanda suke kira Isan, shi ne mafi talauci. Ƙasarsa jigawa ce, ruwan sama ba shi da tabbas, matasansa kuma ci-rani suke tafiya Bankok da zarar an gama girbi, kamar yadda namu ke tafiya Legas da Abuja. A 1958 aka buɗe titin da ya tashi daga Saraburi zuwa Nakhon Ratchasima, garin da aka fi sani da Korat, daga baya ya zarce har bakin kogin Mekong. Ana cikin haka sai masu kiwon dabbobi a Turai suka gano busasshen rogo ya fi hatsi araha wajen haɗa abincin dabba. A shekarun 1970 rogo ya mamaye Isan, domin shi ne shukar da ke haƙuri da jigawa da fari. 'Yan kasuwa suka bi shi har ƙauye da filayen shanya da injinan yanka. Da kasuwar Turai ta ja baya, sai suka juya ga sitaci da kasuwar Sin.

Wanda ya fita Bankok da asuba, kafin azahar yana Korat, domin tafiyar kilomita 260 ce ko kusa da haka. Abin da zai fara gani shi ne filin shanya: wani makeken daɓen siminti, wani ya fi filin ƙwallo girma. Manomi ya kawo rogonsa a mota a ranar da ya tuge shi, a hau da motar kan sikeli, a juye, inji ya daddatsa shi ƙanana, a baza a rana, tarakta tana bi tana juyawa. Kwana biyu zuwa uku ya bushe, ya zama kayan da za a iya ajiyewa watanni. A ƙofar masana'antar sitaci kuma akwai wani ɗan sikeli da ya kamata kowane dillalin rogo ya gani da idonsa. Za a ɗebi kilo biyar daga cikin lodin, a auna shi a sarari, a sake auna shi cikin ruwa, daga nan a san yawan sitacin da ke cikinsa. A kan wannan ake yanke farashi. Wanda ya shuka iri mai kyau, ya bar shi ya ƙosa, zai karɓi kuɗi fiye da wanda ya tuge ɗanye. Babu rantse-rantse, babu "Alhaji ƙara mini don Allah". Daga wannan sitaci ake yin sukarin da ke cikin alawa da lemon kwalba, da farin magi irin na Ajinomoto, da gam ɗin takarda da kwali, da garin da ke riƙe ƙwayar magani, da man da ake gauraya wa fetur.

Mai karatu ya san yadda abin yake a wajenmu. Rogo in an tuge shi ba ya wuce kwana biyu ko uku sai ya fara baƙi. Manomin da ya kawo shi kasuwa ya san ba zai koma da shi gida ba, mai saye ma ya san haka. Ranar da kaya suka yi yawa, yadda aka taya haka za a sallama. Wanda ya ce zai yi alabo kuma a kan fa ko a gefen titi zai shanya, ƙura ta bi ta kai, awaki su ɗebi rabonsu. Alhali kuwa abin da Tailan ke fama da nema muna da shi a banza. Su ƙasa ce mai laima, ruwa na iya sauko musu a kan shanya. Mu daga Nuwamba zuwa Afirilu iskar hunturu da ranar bazara za su busar da rogo ƙayau ba tare da an ƙona ko lita ɗaya ta mai ba. Gaskiya ne rogonmu mai zaƙi ne, na dafawa, nasu kuwa yawanci mai ɗaci ne, na sitaci. Ban ce a bar namu ba, yana da kasuwarsa, kuma yana ciyar da gidaje. Amma gonar da ke ba da wannan za ta ba da wancan, kuma kamfanonin Legas da Kano da Aba har yau daga waje suke shigo da mafi yawan sitacin da suke aiki da shi.

A cikin Bankok kanta, a unguwar Bang Khen, akwai Jami'ar Kasetsart, jami'ar aikin gona da aka kafa a 1943. A 1992 masananta, tare da ma'aikatar gona ta ƙasar da cibiyar CIAT ta Kolombiya, suka fitar da irin rogon da ake kira KU50, wanda ya bazu har ya rufe fiye da hekta miliyan 1 a Tailan da Biyetnam. A shekarar ne kuma aka kafa gidauniyar bunƙasa rogo ta ƙasa, wadda ke da gonar gwaji a Huay Bong cikin lardin Korat, inda aka horar da dubban manoma aka kuma raba musu itacen shuka. Sakamakon yana nan a gona. Hekta ɗaya a Tailan tana ba da kimanin tan 20, a Nijeriya kuwa matsakaicin abin da ake samu bai kai tan 10 ba.

Akwai wani labari da nake so duk wanda zai je ya riƙe, don kada ya shiga wurin yana sunkuyar da kai. A wajen 2008 wani ɗan ƙwaro fari mai kama da auduga ya faɗa wa rogon Tailan, yana tsotse ruwan tsiro har kan ya murɗe. Cikin shekara biyu amfanin rogon ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Feshi bai yi magani ba. Ina suka nufa? Afirka ta Yamma. Wannan ƙwaro ya riga ya yi mana irin wannan ɓarna a shekarun 1970, kuma cibiyar IITA da ke Ibadan, ta hannun wani masaninta mai suna Hans Herren, ta samo wani ƙanƙanin zanzaro daga Kudancin Amurka wanda ke saka ƙwai a jikin ƙwaron ya kashe shi. An fara sakin sa a Nijeriya a 1981, ya ceci rogon nahiyar nan. A ƙarshen 2009 Tailan ta karɓi 'yan ɗaruruwan wannan zanzaro daga reshen IITA na Kwatano, ta hayayyafa shi, ta fara saki a gonaki a 2010, kuma annobar ta lafa. Tashar da shinkafarsu ke sauka, daga garin ne maganin rogonsu ya tashi. Saboda haka ilimi ba shi ne ya gagare mu ba. Muna da IITA, muna da cibiyar binciken saiwa ta Umudike, muna da Samaru a Zariya, muna da iri mai yawan sitaci kamar TME 419, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a ƙofar Safana. Abin da mutum zai gani a Tailan wanda babu a nan shi ne yadda aka ɗaure jami'a da manomi da mai masana'anta da banki a igiya ɗaya. Bankin manomansu, wanda aka kafa a 1966, yana ba da rance ga ƙungiyar maƙwabta waɗanda suka tsaya wa juna, kuma rassansa sun shiga kusan kowace gunduma.

Kada a ɗauka kuma komai nasu alheri ne. Rogo ya ci dazuzzukan Isan da yawa, ya gajiyar da ƙasa a inda aka yi ta maimaita shi ba taki. Sun jingina da kasuwar Sin har ta zama in ta yi tari su kwana da zazzaɓi. Tun 2018 cutar da ke nannaɗe ganyen rogo ta shigo musu daga Kambodiya, suna ta fama. A shinkafa ma sun taɓa yin babban kuskure: a 2011 gwamnatin Yingluck Shinawatra ta shiga sayen shinkafar manoma da farashin da ya ɗara na kasuwa nesa, rumbuna suka cika, shinkafa ta ruɓe, bashi ya taru, a 2012 Indiya ta ƙwace musu matsayi na ɗaya da suka riƙe kusan shekara talatin. Jami'in gwamnatin da zai je ya tambayi wannan labari da kyau, don mu ma mun ga yadda rancen noman shinkafa na Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya ƙare da bashin da ba a biya ba.

Na san abin da ke ran mutumin Wagini ko Runka ko Zakka da ya kawo nan a karatu. Zai ce ana maganar filin shanya, mu da gonar ma ta gagare mu zuwa? Yana da gaskiya. Shekarun da 'yan bindigar dajin Rugu suka yi suna kashe mutane, suna kore shanu, suna sace mata da yara, sun mayar da manoman da ke cika rumbu 'yan gudun hijira a makarantun Batsari da unguwannin Katsina. Babu sitacin da zai fito daga gonar da ba a shiga. Amma a nan ma akwai abin tambaya a Tailan, domin yankin rogon nan nasu ya taɓa zama fagen daga. Daga 1965 'yan tawayen kwaminisanci suka kafa sansani a dazuzzuka da duwatsun Isan, kuma soja ya yi shekara goma sha biyar yana luguden wuta abin na ƙaruwa. A 1980 firaminista Prem Tinsulanonda, wanda shi ma janar ne da ya yi aiki a yankin, ya fitar da umarni mai lamba 66/2523: afuwa ga wanda ya ajiye makami ya fito, da ci gaba da yaƙar wanda ya ƙi, da kai hanya da makaranta da filin noma ƙauyukan da aka manta da su. Cikin 'yan shekaru dubbai suka fito, tawayen ya mutu. Dole a faɗi cewa Sin ta janye wa 'yan tawayen tallafi a daidai lokacin, kuma su jam'iyya ce mai shugabanci, ba dabobi barkatai irin na dajinmu ba. Sulhun da aka yi a Katsina a 2019 bai yi shekara ba ya wargaje, kuma waɗanda aka kashe wa iyaye suna da haƙƙin a yi musu adalci. Duk da haka abu ɗaya ya tabbata daga labarin Isan: afuwarsu ta zo da karɓe makami, kuma ta zo da abin yi. Wanda ya fito daga daji ya tarar da titi da kasuwar da za ta sayi abin da ya noma.

Wannan ya kawo mu ga shanu. A tsakiyar Bankok, cikin fadar Chitralada inda Sarki Bhumibol ya zauna a mulkinsa na 1946 zuwa 2016, akwai garken shanun madara da aka fara a 1962, da gonar shinkafa ta gwaji, da tafkunan kifi, da 'yar masana'antar sarrafa madara.  A shekarar 1962 ɗin ne shi da Sarkin Danmak suka buɗe gonar madara ta Muak Lek a lardin Saraburi, inda aka riƙa koya wa talakawa kiwon shanun tatsa. Mutanen Tailan ba masu shan nono ba ne a asali, ba su da fura, ba su da kindirmo, ba su da man shanu. Sai da aka koya musu kiwon, aka haɗa su ƙungiya-ƙungiya kowace da wurin tara madara mai sanyaya ta, sannan a 1992 gwamnati ta fara sayen madarar tana raba wa 'yan makaranta. Mu kuwa da muke da Fulanin da suka gaji saniya kaka da kakanni, da makiyayar Ruma da Kukar Jangarai da aka keɓe tun shekarun 1960, mun bar madatsun ruwanta suka cike, burtaloli suka zama gonaki, yaran ruga suka tashi ba makaranta ba asibiti. Duk mai neman asalin masifar da muke ciki ba zai tsallake wannan ba. Ina ganin arɗo ɗaya da zai tsaya ya ga mai shanu goma yana kai madara safe da yamma, ana rubuta masa, a biya shi a kan lokaci, zai dawo da maganar da ta fi taron bita goma amfani.

Sarki Bhumibol ya kuma bar wani tsari na ƙaramin manomi wanda za a iya gwadawa a fadamun Safana ba tare da jiran kowa ba. Gonar da ba ta wuce hekta biyu da rabi ba a kasa ta: kashi 30 cikin ɗari a haƙa tafki don tara ruwan damina da kiwon kifi, kashi 30 abincin gida, kashi 30 itatuwa da kayan lambu na sayarwa, kashi 10 gida da dabbobi. Zafinmu ya fi nasu shanye ruwa, jigawarmu kuma tana tsotsewa, don haka sai an gyara lissafin. Amma manyan ayyukan ruwa ma sun yi su: madatsar Chai Nat ta 1957 da ta Bhumibol ta 1964 su ne suka ba tsakiyar ƙasar damar noman shinkafa sau biyu a shekara. Madatsar Zobe tana nan kusa da mu tun farkon shekarun 1980, kuma ta yi shekaru da dama ruwanta na kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba.

Ɗan kasuwa kuma ya ware dare ɗaya don Talaad Thai, babbar kasuwar sarin kayan gona da ke arewa da birnin, wajen kilomita 40, wadda ba ta rufewa dare da rana. Wanda ya san Dawanau da 'Yankaba ba zai ji baƙunta ba, hayaniyar ɗaya ce. Bambancin yana cikin ƙananan abubuwa: an ware kaya manya da matsakaita da ƙanana kowanne da farashinsa, tumatir da mangwaro a cikin kwandon roba da ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, ƙasa daɓe ce ana wanke ta, ga ɗakunan sanyi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwar Batsari.

Tambayar da Bahaushe zai yi kafin komai ita ce sallah da abinci. Tailan ƙasar mabiya Buddha ce, Musulmi kimanin kashi 5 ne cikin ɗari, mafi yawansu a kudu. Amma Bankok tana da masallatai fiye da 150, kuma Musulunci ba baƙo ba ne a wurin. Masallacin Ton Son da ke tsallaken kogi ya samo asali tun ƙarni na 17, wato ya girmi zaman birnin a matsayin hedikwata, wanda ya fara a 1782. Masallacin Haroon na unguwar Bang Rak yana cika ranar Juma'a, bayan an idar kuma lungunsa ya koma kasuwar abinci. In ka shiga kwalekwalen haya a mashigin ruwa na Saen Saep daga Pratunam ka nufi gabas, za ka yi ta wuce unguwannin Musulmi jikokin Malayawa, hasumiya bayan hasumiya. Ƙasar tana da muƙamin Shaihul Islam wanda sarki ke tabbatarwa, kuma Jami'ar Chulalongkorn tana da cibiyar da ke gwada abinci a ɗakin bincike kafin a buga masa tambarin halal. Da wannan tambari ƙasar da ba ta Musulmi ba take sayar da kaji da kifin gwangwani ga ƙasashen Musulmi. Sai dai a kula ƙwarai, naman alade da kitsensa suna cikin abincin titi da yawa. A nemi tambarin, ko mai sayarwa mai hijabi, ko a nufi layin Larabawa na unguwar Nana, inda 'yan Afirka ma suke taruwa.

Birnin kansa yana da abin kallo, ba sai na tsawaita ba. Mutane sama da miliyan 10 ne a cikinsa da kewayensa. Akwai tsohuwar fadar sarakuna a bakin kogi, da gine-ginen ibadarsu masu rufin ruwan zinariya waɗanda ko magini ne kai za ka tsaya duban aikin hannun, da jirgin ƙasa na sama da aka buɗe a 1999 saboda cunkoson motoci, da kasuwar Chatuchak ta Asabar da Lahadi mai dubban rumfuna. Ƙasa ce da Turawa ba su taɓa mulka ba, kuma ana ganin haka a yadda suke riƙe da harshensu da rubutunsu a ofis da makaranta.

Ga wanda ya yi niyya, daga Kano ana samun jirgi ta Adis Ababa ko ta Doha, kuma agogonsu yana gaba da namu da awa shida. Ana neman biza ta hannun ofishin jakadancinsu na Abuja, tare da katin allurar shawara da takardar wankewa daga hukumar NDLEA. Dalilin wannan takarda abin baƙin ciki ne: akwai 'yan Nijeriya da dama a gidajen yarin Tailan saboda safarar miyagun ƙwayoyi, kuma hukuncinsu mai tsanani ne, har da kisa. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko ɗan uwanka ne, sai ka buɗe ka gani. Kada ka sa baki a maganar sarautarsu, domin dokarsu ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya aibata sarki. Akwai unguwannin dare da mutumin kirki ba shi da abin yi a cikinsu. Mafi kyawun lokaci shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da zafi ya sauka, kuma a lokacin ne ake tsaka da tugar rogo, filayen shanya a cike.

Kuɗin wannan tafiya ya fi ƙarfin manomin da ke neman na taki, kuma ba shi nake ɗora wa nauyin ba. Ina magana ne da gwamnatin jihar Katsina, da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da 'yan majalisarmu, da attajiran yankin nan da Allah ya hore wa. Idan za a tura tawaga, a rage masu manyan riguna, a sa manoman rogo na gaske, da dillali, da makerin da zai kalli injin yanka ya dawo ya ƙera irinsa, da arɗo, da mace mai sana'ar alabo, da malami daga Dutsin-Ma wanda zai rubuta abin da aka gani da Hausa. A sa musu sharaɗi tun kafin su tashi, cewa in sun dawo za a zuba daɓen shanya ɗaya da sikeli ɗaya a Batsari kafin kakar rogo ta gaba.